Kafin ka canja abincin kifi, je ka dubi ruwan da asuba

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso, kuma na ga ya fi dacewa in ba ka amsa a rubuce domin ka riƙa komawa kanta. Ka ce ramuka biyun da aka damƙa maka a ƙasan madatsar ruwa ta Lagdo da ke arewacin Kamaru rana ɗaya ka zuba musu 'ya'yan karfasa, daga hannun mai ƙyanƙyasa ɗaya, kuma abinci ɗaya kake haɗa musu da dusar shinkafa da masara da tunkuzar angurya da ɗan garin kifi. Amma da aka ja taru a watan Afrilu, matan da suke zuwa sari daga Garwa sun kwashe kifin ramin farko, na biyun kuwa suka ce bai kai girman ɗan'uwansa ba, namansa ya yi laushi, kuma yana warin laka, sa'annan suka yi ƙorafin cewa kifin ramukan biyu duka kitse ya yi musu yawa a ciki. Ka ƙara da cewa ramin na biyu shi ne na ƙarshen hanyar ruwa, ruwansa kore ne shar, shi ya sa kake tambaya ko ka daina haɗa abinci da kanka ka koma sayen na kamfani da ake kawowa daga Duwala.

Shawarata ita ce kada ka taɓa kuɗinka tukuna. Abinci ɗaya ba zai gina kifi a rami ɗaya ya kuma lalata shi a ɗayan ba, saboda haka bambancin girma da wari daga ruwa ya fito. Kitsen da suka gani a duka biyun ne kawai laifin abinci, kuma zan zo kansa daga baya.

Kifi da iskar oksijin yake rayuwa kamar kowace dabba, sai dai shi wadda ta narke a cikin ruwa yake zuƙa ta jajayen tsefe-tsefen nan da ke ƙarƙashin marfin kunnensa, kuma abin da ruwa yake iya riƙewa ɗan kaɗan ne ƙwarai. Idan zafin ruwa yana digiri 20, lita ɗaya ba ta riƙe fiye da miligiram 9 da 'yan kai, a digiri 30 abin ya sauka zuwa wajen 7.5, a digiri 35 kuwa da ƙyar yake kai 7. Lita ɗaya ta iskar da mu muke shaƙa tana ɗauke da abin da ya ninka wannan fiye da sau 30. Ka yi wannan lissafin da kanka: rami mai tsawon mita 20 da faɗin mita 10 da zurfin mita 1 yana cin lita 200,000, to ko da ruwan ya ƙoshi da iska iyakar ƙoshi a digiri 30, duk oksijin da ke cikinsa bai wuce kilo ɗaya da rabi ba. A ƙiyasin da masu ilimin kiwon kifi suke aiki da shi, kowane kilo na abinci da kifi ya ci yana buƙatar wajen rubu'in kilo na oksijin kafin jikinsa ya sarrafa shi, ban da abin da ƙwayoyin bakteriya za su sha wajen ruɓar da kashinsa da ragowar abincin da ya nutse. Wato ranar da ka watsa kilo 4 a irin wannan ramin, kifin kaɗai sun ci bashin kilo guda daga cikin kilo ɗaya da rabin nan. Abin da ya ƙara tsananta lamarin a wannan ƙasa tamu shi ne, a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40, ruwa yana riƙe iska mafi ƙaranci a daidai lokacin da jikin kifi ya fi bukatarta, domin kifi ba shi da zafin jikin kansa, zafin ruwa ne yake gaggauta masa komai.

Dangantakar abinci da iska a jikin kifi irin ta gawayi da zugazugi ce a maƙera, idan babu mai zuga, ƙarin gawayi hayaƙi kawai zai ƙara. Karfasa tana girma yadda ake so idan oksijin bai sauka ƙasa da miligiram 5 a lita ba, idan ya faɗo wajen 3 sai ta rage ci, abin da ta ci ma ba ya zama tsoka yadda ya kamata. Kifi ne mai juriya, tana iya kai wa gari ya waye ko da iskar ta kusa ƙarewa, kuma wannan juriyar ce take yaudarar mai kiwo, domin bai ga gawa ko ɗaya ba sai ya ɗauka komai lafiya, alhali kowane dare kifinsa yana mayar da abin da ya samu da rana.

Koren ruwan ramin na biyu shi ne mabuɗin maganar. Wannan koren ƙananan tsirrai ne da ido ba ya ganin ɗaiɗaikunsu, dangin gansakuka, kuma idan suna daidai gwargwado alheri ne, domin karfasa tana cin su, kuma su ne suke samar da mafi yawan iskar rami idan rana ta haska su. Matsalar ita ce da zarar rana ta faɗi sun daina bayarwa, sun koma sha, su da kifin da lakar da ke ƙasa duk a ƙwarya ɗaya. Saboda haka iskar rami takan kai ƙololuwa wajen la'asar, ta yi ta sauka dukan dare, ta kai ƙarshen ƙarancinta daf da fitowar rana, kuma gwargwadon kaurin koren gwargwadon zurfin faɗuwar. Ramin da yake ƙarshen hanyar ruwa kuwa ruwan da yake isa gare shi kaɗan ne, sau da yawa ma ya riga ya ɗebo dattin na gabansa. Wanda yake zuwa duba kifinsa da hantsi ko da azahar ba zai taɓa ganin wannan ba, domin a lokacin ramin ya riga ya farfaɗo.

Saboda haka ina so daga sallar asuba ka wuce bakin ramin kai tsaye, kafin rana ta ɓullo, ka tsaya shiru ba tare da ka watsa komai ba. Idan iskar ta gaza za ka ga kifin sun taso sama jingim, bakunansu a buɗe suna laɓe-laɓe a fatar ruwan, inda ya taɓa iskar sama, ko kuma sun yi cincirindo a wurin da ruwa yake shigowa. Ka tafa hannu da ƙarfi. Idan suka nutse gaba ɗaya suka jima ba su dawo ba, da sauran sauƙi, idan kuwa suka ɗan karkace kawai suka ci gaba da buɗe baki, to ramin yana bakin halaka, kuma a ranar ko ƙwaya ɗaya ta abinci kada ta shiga cikinsa. Da rana ta ɗaga sai ka gwada kaurin koren da hannunka: ka tsoma shi a tsaye har ruwa ya kai gwiwar hannu, ka lanƙwasa tafin yana kallon sama. Idan a nan ne tafin yake fara ɓace maka, koren ya yi daidai, idan kuwa tun bai wuce rabin damtse na ƙasa ba ka daina ganinsa, ya yi yawa, sai ka dakatar da zuba taki ko kashin kaji, ka rage abinci, ka sauya wani kaso na ruwan. Akwai na'urar auna oksijin, wanda ya sami halin saye ya saya, amma rashinta ba uzuri ba ne ga mai ido da hannu.

Wajen sauya ruwa, na ƙasa ake fitarwa, domin shi ne mafi lalacewa, wanda ake zubawa kuma a bar shi ya faɗo daga sama ya daki dutse ko katako ya tarwatse kafin ya shiga rami. Wannan ya fi zama tilas ga ruwan rijiyar burtsatse, wanda mutane suke ganin ya fi tsabta, amma a gaskiya yana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa kusan babu iska a cikinsa. Idan kana da injin ban-ruwa, ka ja ruwan ramin ka feso shi sama ya dawo kamar yayyafi, kuma ka yi haka tun daga sulusin dare na ƙarshe zuwa fitowar rana, domin kunna shi da azahar ƙona mai ne a banza.

Akwai ranaku iri biyu da nake so ka ji tsoronsu. Na farko ranakun da hazo ya rufe rana ko gizagizai suka kwana biyu ba su yaye ba, domin koren bai sami hasken yin aikinsa ba, dare zai riski ramin da ɗan guzuri. Na biyu, wanda ya fi muni, ruwan sama na farko mai ƙarfi bayan bazara. A tsawon zafin nan ruwan rami yakan rabu biyu, mai ɗumi a sama, mai sanyi marar iska a ƙasa, to idan ruwan sama mai sanyi ya sauko da guguwa sai ya birkita su wuri ɗaya, iskar ramin duka ta faɗi cikin 'yan sa'o'i. Idan ka ga hadarin farko ya haɗo, ka tsallake ciyarwar ranar, ka shirya injinka.

Kada ka ce to bari ka koma kiwon tarwada ka huta. Gaskiya ne tarwada tana da wata gaɓa a saman kunnuwanta da take shaƙar iskar sama da ita, shi ya sa ake iya cunkusa ta a kwami, amma ƙananan 'ya'yanta ba su da wannan ikon a makonninsu na farko, manyan kuma idan suka wuni suna hawa da sauka neman numfashi, ƙarfin da ya kamata ya zama nama ne suke ƙonawa. Ban da haka, gurɓataccen ruwa yana tara amoniya, wadda kifi yake fitarwa ta kunnuwansa, kuma gubarta takan ƙaru idan ruwa ya yi zafi ya kuma koma mai kanwa-kanwa, kamar yadda koren rami yake yi da la'asar. Wannan tana cin kunnen tarwada kamar yadda take cin na karfasa.

Warin lakan da matan suka ji ba daga cin laka ya zo ba. Wasu daga cikin tsirran koren nan, musamman masu shuɗi-shuɗi da suke taruwa kamar fenti a gefen da iska take kaɗawa, da wasu bakteriya na cikin taɓo, suna fitar da sinadarai masu wari, wanda ya fi shahara a cikinsu ana ce masa jiyosmin, shi ne kuma ƙamshin da ƙasa take yi idan ruwan farko ya sauka. Kifi yana zuƙar sa ta kunne cikin ɗan lokaci, ya je ya zauna a cikin kitsensa, kuma harshen ɗan'adam yana gane shi ko da ɗan mitsitsi ne. Ka ga ke nan kifi mai kitse ya fi riƙe warin, a nan ne laifin ruwa da na abinci suka haɗu. Shigarsa da sauri take, fitarsa a hankali, maganinsa kuwa shi ne a mayar da kifin cikin ruwa mai tsabta mai gudana, a hana shi abinci, daga 'yan kwanaki har zuwa mako ɗaya ko biyu idan warin ya kama sosai. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tun ana saura mako biyu a ja taru ka kamo kifi ɗaya daga kowane rami, ka dafa shi a rufe da ruwa zalla, ba mai, ba yaji, ba albasa, ka shinshina tururin ka ɗanɗana naman kusa da ciki. A jihohin kudu na ƙasar Amurka, inda ake kiwon tarwada irin tasu da yawa, masana'antun sarrafa kifi ba sa karɓar kifin rami sai an yi masa irin wannan gwajin.

Yanzu sai maganar abinci, wadda a cikinta kana da gyara. Karfasa mai tasowa tana son abincin da furotin, wato sinadarin gina tsoka, ya kai kashi 28 zuwa 32 cikin 100, ƙanananta sun fi haka bukata, tarwada kuma tana son wajen 35 zuwa 40. Dusar shinkafar da ake samu daga wuraren noman Yagwa da Maga da nan Lagdo ba ta wuce wajen kashi 12 ba, masara kuma wajen 9. Idan rabin haɗinka dusa ce da masara, to sai ɗaya rabin ya kusa kashi 50 kafin jimillar ta kai 30, abin da tunkuza kaɗai ba za ta ba ka ba sai da garin kifi mai yawa. Daga yadda ka kwatanta haɗinka, ina ganin dusa da masara sun rinjayi furotin, kuma kifin da ya sami abin ƙarfi fiye da abin gina tsoka yakan mayar da rarar kitse ya jibge a kan hanji da hanta. Ka farke cikin ɗaya ka duba: hantar lafiyayyen kifi ja ce mai duhu-duhu, idan ka gan ta ta kumbura ta yi fari-fari tana murmushewa a yatsa, hanjin kuma ya lulluɓe da farin kitse, to abincinka ne ya rubuta wannan. Mai saye ta san cewa wannan nauyin zubar da shi za ta yi, mai banda kuma ya san zai tsiyaye a kan wuta, shi ya sa suke karya farashi.

Tunkuzar angurya, wadda masana'antun man kamfanin auduga na SODECOTON da ke Garwa da Marwa suka sa ta wadata a wannan yanki, abu ce mai amfani, amma ƙwayar auduga a halittarta tana da wani sinadari mai suna gosifol wanda yake cutar da kifi idan ya yi yawa, kuma furotin ɗinta yana da ƙarancin laisin, ɗaya daga cikin abubuwan da tsoka ba ta ginuwa sai da su. Ni ba na barin ta ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na haɗi. Ka cike gurbin da waken suya, amma sai an soya shi ko an dafa, domin ɗanyensa yana hana narkewar furotin a cikin kifi, kuma ka ƙara garin kifi ko da ya fi tsada. Tunkuzar gyaɗa tana da kyau matuƙar ba ta yi funfuna ba, domin funfunar gyaɗa da ta masara tana haifar da gubar afulatoksin mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Abin da ya yi funfuna a zubar da shi, kada a ce bari a shanya a ba kifi.

Ka kuma sani cewa irin man da kifi ya ci shi ne irin man da zai zauna a jikinsa, har da ɗanɗanonsa. Dusar shinkafa tana da mai, kuma a zafin nan namu ba ta daɗewa take yin ɗaci da warin tsohon mai, saboda haka ka riƙa sayen abin da zai ƙare da wuri, ka ɗora buhuna a kan katako a inuwa, nesa da bango. Haka ma masu cika kwamin tarwada da hanjin kaji da kayan mahauta ɗanye, kifin yana kumbura da wuri amma namansa maiƙo ne da ƙarni, ruwan kuma ya lalace a kwana ɗaya. Abin da ya sa kifin tafkin Lagdo yake da farin jini a kasuwa shi ne yana cin abinci iri-iri ba tare da ya wuce ƙima ba, yana iyo a ruwa mai faɗi, namansa ya tsuke, kuma da shi ne masu saye suke auna naka.

Yadda ake bayarwa ma yana da nasa hukuncin. Kada ka ciyar da sassafe lokacin da iska take ƙasa, ka bari sai hantsi ya ɗaga, sa'annan ka sake bayarwa wajen la'asar, kuma kada ka cika musu ciki daf da magariba, domin narkewar abincin za ta faɗa cikin dare. Kifi mai tasowa yana cin wajen kashi 3 cikin 100 na nauyinsa a rana, abin yana raguwa yayin da yake girma, amma idonka ya fi lissafin: abin da ba su cinye cikin minti 15 ba ya yi yawa. A watannin Disamba da Janairu, idan sanyin hunturu ya saukar da zafin ruwa zuwa wajen digiri 20, cin karfasa yakan ragu sosai, wanda ya ci gaba da watsa mudun da ya saba kuwa laka yake ciyarwa, kuma ita za ta shanye masa iska idan bazara ta zo.

Laushin nama, wanda shi ma yana cikin ƙorafinsu, yawancinsa a ranar kamu ake jawo shi. Kifin da dama ya galabaita da ƙarancin iska, aka kuma bar shi yana fafutuka a cikin taru a ruwa mai zafi da taɓo, yana ƙone ɗan ƙarfin da ya rage a tsokarsa kafin ya mutu, sai ya sandare da wuri ya kuma saki da wuri, kafin ya isa kasuwar Garwa yatsa yana lotsa shi. Idan cikinsa cike yake da abinci, ruwan narkar da abincin zai fara cin bangon cikin tun a hanya. Ka daina ciyarwa kwana ɗaya ko biyu kafin kamu, ka ja taru da sanyin safiya bayan ka tabbata kifin ba sa laɓe-laɓe a sama, ka kwashe su da hanzari, ka wanke su da ruwa mai tsabta, ka sa su a inuwa da ƙanƙara idan ta samu.

Game da ramin na biyu, kafin ka sake zuba kifi ka zubar da ruwansa duka, ka kwashe baƙar lakar da ta taru ka kai gona, ka bar ƙasan ya bushe har ya tsattsage, ka gyara masa hanyar ruwa tasa ta kansa wadda ba ta bi ta ramin farko ba, kuma a wannan zagayen ka rage yawan 'ya'yan da za ka zuba masa. Ka sami littafi ka riƙa rubuta kilo nawa na abinci ya shiga kowane rami, da abin da ka gani kowace asuba, kuma duk bayan mako biyu ka ɗora kifi kaɗan a sikeli ka rubuta nauyinsu. Abincin kamfani mai kyau, a ruwa mai kyau, yana iya ba da kilon kifi da kilo ɗaya da rabi na abinci ko ƙasa da haka, kuma da yake yana yawo a saman ruwa kana ganin abin da aka ci da abin da aka bari. Idan ka kammala zagayen nan da gyararren ruwa da gyararren haɗi, ka zo mini da littafin, mu raba kilon abinci da kilon kifi, mu ɗora kuɗin kowane a sefa, a nan ne za a ga ko buhun Duwala zai biya kuɗinsa a ramukanka.